Digirin zane a Amurka: jami'ar Kirista, makarantar zane zalla ko ta gwamnati?

Wata ƙanwata ce ta jawo wannan rubutun. Yarinya ce da tun tana ƙarama in ka ajiye biro da takarda kafin ka waiwayo ta zana fuskarka har da tabon da kake ɓoyewa, yanzu kuma ta tashi neman digirin farko a Amurka a fannin zanen situdiyo, wato wanda ake yi da hannu, fenti da sassaƙa da ginin yumɓu da buga zane a takarda. Iyayenta sun kafe kan jami'ar Kirista, ita idonta na kan makarantun nan da ba abin da suke koyarwa sai zane, ni kuma nace ai akwai ta uku da kowa ya manta da ita, jami'ar gwamnatin jiha. Mun daɗe muna ja-in-ja, toh abin da na gaya mata shi zan baje a nan ko wani zai amfana.

Kafin a zo maganar addini ma akwai haruffa biyu da uku da suka fi sunan makaranta muhimmanci, BA da BFA, wato digirin farko na karatu mai faɗi da kuma wanda ya fi maida hankali kan zanen kansa. Digirin farko a Amurka yawanci kiredit 120 ne a shekara 4, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwas. Hukumar da ke tantance makarantun zane a can, NASAD, tana sa ran mai BFA ya kashe kusan kashi 65 cikin 100 na kiredit ɗinsa a zane da tarihin zane, mai BA kuwa tsakanin kashi 30 zuwa 45. In ka buga lissafi BFA kiredit wajen 78 kenan, BA kuma 36 zuwa 54. Kuma kwas ɗin situdiyo ba kamar lacca bane da zaka zauna awa uku a sati ka tashi, kwas mai kiredit 3 yakan ci awa 6 a sati a cikin aji, banda aikin da zaka dawo ka ƙarasa da daddare. Kaga ratar dake tsakanin digirin biyu ɗaruruwan awanni ce da hannunka ke kan gawayi ko buroshi, kuma hannu baya ƙwarewa da karatun littafi.

Nan ne jami'ar Kirista take fara bambanta. Kusan duk cikinsu akwai kwasa-kwasan Littafi Mai Tsarki da tauhidi na dole, kuma daga cikin 120 ɗin nan ake yanko su. Misali Biola da ke La Mirada kusa da Los Angeles, wadda aka kafa a 1908, ta shahara da wajabta kiredit 30 na karatun Littafi Mai Tsarki ga ɗaliban digirin farko, kuma tana bada BFA. Haɗa 78 da 30, 108 kenan, ga Turanci ga lissafi ga kimiyya ga tarihi duk suna jira, sai kaga jadawalin ya matse babu wurin ɗaukar wani kwas don sha'awa kawai. Notre Dame ta Katolika a Indiana kuwa abin da take nema na tauhidi bai kai ko kusa da haka ba, kwas biyu ne ko makamancin haka. Wheaton ta jihar Illinois, tun 1860, ita tafi karkata ga BA da karatu mai faɗi. Saboda haka in wani yace maka "jami'ar Kirista" kamar abu ɗaya ne, bai bincika ba. Ni ban ɗauki kiredit 30 ɗin nan asara ba ga wanda yake so, domin mai zanen da ya san labarin Ayuba da Zabura da Wahayin Yahaya ciki da waje yana da rijiyar da zai riƙa ɗiba har tsufansa, kuma in ya shiga gidan adana zane a Turai rabin abin dake bango zai karanta shi ba sai an fassara masa ba. Amma wanda aka tura dole, ransa na situdiyo jikinsa na ajin tauhidi, shekara huɗu zai yi yana tsaki.

Sannan akwai maganar wa suke ɗauka. Biola da Wheaton suna so ɗalibi ya kasance Kirista mai furta bangaskiyarsa, kuma zai sa hannu a yarjejeniyar zaman makaranta, babu giya ga ɗan digirin farko, akwai dokoki kan mu'amalar maza da mata, a Wheaton sujada sau uku ce a sati kuma ana duba wanda bai zo ba. Baylor ta Baftis a Waco ta jihar Texas, wadda take tun 1845, tana ɗaukar ɗalibai na kowane addini duk da cewa akwai sujada da kwasan addini na dole. Na Katolika sun fi kowa sakin ƙofa, Georgetown ma tun 1999 take da limamin Musulmi na cikakken lokaci. Don haka ɗan'uwa Musulmi da ke karanta wannan, wasu a buɗe suke gareka wasu kuma ko fom baka buƙatar ɓata kuɗinka a kai, ka karanta shafin sharuɗɗan shiga tukuna.

Yanzu bari na zo inda aka fi yin shiru, wanda kuma ni a ganina shi ne tambayar da zata nuna maka ainihin halin sashen zane, wato ajin zanen jikin mutum. A makarantar zane zalla da jami'ar gwamnati yadda akeyi shi ne, ɗaki ne da aka rufe tagoginsa, ɗalibai sun kewaye wani ɗan dandamali kowa da allonsa a tsaye da babbar takarda da gawayi, mutum ya shigo da mayafi ya cire ya tsaya tsirara, malami ya danna agogo. Da farko tsayuwar sakan 30 ce ko minti ɗaya, zaka zana motsin jikin gaba ɗaya da layi biyar shida kafin ya canza, takarda na tashi gawayi na karyewa, babu mai magana sai ƙarar shafa, daga baya a koma tsayuwar minti 20 har ta awa biyu uku da hutu a tsakani. Ba a ɗaukar hoto, ba a taɓa mutumin, waya ma a jaka take. Dalilin da malamai ke bayarwa shi ne in baka ga yadda ƙashin ƙugu ke karkata ba lokacin da nauyi ya koma ƙafa ɗaya, da yadda haƙarƙari ke juyawa a kansa, duk mutumin da zaka zana da riga zai fito kamar an rataye kaya a ƙusa.

A jami'o'in Kirista abin ya rabu. Wasu, musamman na Katolika da kaɗan daga cikin na masu bishara, suna yi kamar kowa, hujjarsu jiki halittar Allah ne kuma kallon mai nazari daban yake da kallon sha'awa, kamar dai ɗalibin likita. Da yawa kuma suna sa mai tsayawar ya saka kayan ninƙaya ko matsattsun kaya irin na 'yan rawa. Wasu ma sai dai kwarangwal na roba da gumakan filasta. Kuma wannan gardamar tsohuwa ce a cikin ikilisiya kanta, Mikelanjelo ya gama zanen Ranar Shari'a a bangon ɗakin sujada na Sistin a 1541 cike da mutane tsirara, bayan babban taron shugabannin cocin Katolika na Trent sai aka sa wani mai zane, Daniele da Volterra, ya bi ya liƙa musu ƙyallaye a 1565, har mutanen Roma suka laƙaba masa suna mai ɗinka wanduna, sunan da ya bishi har yau. Abin da nake so ka gane shi ne babu amsar da zata yi wa kowa daidai. In lamirinka bazai bari ka zauna a wancan ɗakin ba, jami'ar Kirista mai sa kaya ta cece ka daga rigimar da zaka sha a makarantar zane, inda ajin yawanci dole ne tun shekarar farko. In kuma burinka zanen mutane ne ko zanen katun mai motsi ko kana hangen MFA, wato digiri na biyu a fannin zane, a makaranta mai tsauri, ka sani masu duba fotfoliyo, wato tarin hotunan aikinka, sukan gane wanda ya zana jiki sosai da wanda bai yi ba, sai ka shirya neman ajin a waje lokacin hutu. Ka rubuta wa shugaban sashen imel ka tambaye shi kai tsaye yadda suke yi. Yanayin amsar ma kaɗai, ko ya fito fili ko ya kama kwana-kwana, ya ishe ka darasi.

Sai kirit, wato zaman sukar aiki. Kowa ya kafe aikinsa a bango, a ja kujeru, a bi ɗaya bayan ɗaya ana faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba, kai kuma kana tsaye kana ji wani lokacin ma ba a baka damar kare kanka sai an gama. A nan ne na fi ganin amfanin jami'ar Kirista ga wanda bangaskiya ce ke tuƙa zanensa. Ka ɗauka ka zana mahaifiyarka durƙushe tana addu'a, da gaske kake ba zolaya ba. A makarantar da ba ruwanta da addini zaka iya samun malami mai kirki da zai karɓa hannu biyu, amma sau da yawa minti goma na farko zasu tafi a kan tambayar ko suka kakeyi wa addini, ko me kake son tonawa, sai ka gaji da bayanin kanka kafin a zo kan cewa hannun hagun ya fi na dama tsawo. A jami'ar Kirista an wuce wannan matakin, kowa ya san me durƙuso ke nufi, kai tsaye za a tafi kan launi da haske da tsari.

Amma fa tana da nata ciwon, kuma ni shi yafi bani tsoro. Wuri ne da kowa ya san kowa, tare kuke sujada tare kuke cin abinci, sai kunya ta shigo cikin kirit, a riƙa cewa aikin ya taɓa zuciyata, Allah ya ƙara basira, alhali zanen bai nuna ba. Akwai kuma jarabar zane mai wa'azi, kurciya da hasken rana ta cikin gajimare da gicciye a kan tudu, abin da in ka gani sau ɗaya ka gama ganinsa. Malaman kirki a waɗannan makarantun su suka fi kowa yaƙi da wannan, gaskiya, amma sai ka tabbatar irinsu ne a wurin. A ɗaya ɓangaren makarantar zane zalla ita ma tana da nata wa'azin, sai dai da wasu kalmomi, kowa na ƙoƙarin girgiza mutane har girgizar ta zama yayi. Kirit ɗinsu dai yana da zafi, mutum kan fita da hawaye, kuma zafin nan yana gyara aiki in bai karya mai aikin ba.

Maganar kayan aiki kuwa ba sai an ja ta ba, makarantar zane ta yi gaba. Makarantar zane ta RISD a Providence, tun 1877, tana da sassa daban na gilashi da saƙa da kayan ɗaki da kayan ado, ga gidan adana zane nata na kanta, ɗalibanta kuma suna iya ɗaukar kwas a jami'ar Brown dake maƙwabtaka. Makarantar zane ta SAIC a Shikago manne take da ɗaya daga cikin manyan gidajen adana zane na ƙasar, kuma bata bada maki irin A da B, ko ka ci kwas ko baka ci ba. Ƙaramar jami'ar Kirista zaka tarar da ɗakin fenti, murhun gasa tukwane ɗaya ko biyu, injin buga zane, ɗakin katako, shikenan. In narka tagulla kake so ko busa gilashi ka tambaya kafin ka biya ko sisi. Sai dai ƙanƙantar tana da daɗinta, babu layi a kan injin, ɗan shekarar ƙarshe yakan samu lungunsa shi kaɗai, farfesa ya san sunanka da aikinka tun daga zangon farko. Haɗarin shi ne in malaman sashen huɗu ne ko biyar, mai koyar da fenti mutum ɗaya ne tak, in jininku bai haɗu ba haka zaka haƙura da shi har ka gama. Shi yasa nake cewa ka nemo aikin malaman a intanet ka kalla da idonka, ka duba yaushe rabon da su baje kolin aikinsu a wani wuri da ba harabar makarantar ba. Wasu kuma suna cike giɓin da tura ɗalibai waje, kamar kwalejin Gordon ta Massachusetts da take da shirin zango guda a garin Orbiyeto na Italiya, inda babban cocin garin ke ɗauke da zanen Sinyorelli na tashin matattu, shi ma dai cike da tsirara, kaga maganar bata ƙarewa.

Wani abin mamaki a gefe, jami'ar Bob Jones a Karolina ta Kudu, wadda ta yi suna wajen tsaurin ra'ayi, ta tara tsofaffin zane-zanen addini na Turai masu yawan gaske, akasarinsu ma aikin masu zanen Katolika ne. Furotesta da hoto dama tun asali zaman doya da manja suke, a 1566 an bi coci-coci a ƙasar Holan ana farfasa gumaka, kuma a ƙasar ce dai daga baya Rembrant ya fito ya cika duniya da zanen labaran Littafi Mai Tsarki.

Kuɗi. Kar kowa ya ruɗe ka cewa jami'ar Kirista araha ce don sunanta. Masu zaman kansu ne, kuɗin karatu kaɗai a sanannun cikinsu ya kai dala dubu 40 zuwa sama a shekara, manyan makarantun zane irin RISD da Pratt da SAIC kuma sun haura dala dubu 50, banda ɗaki da abinci da inshorar lafiya, banda fenti da kanbas da takarda waɗanda daga aljihunka zasu fito duk zango. Sai dai farashin da aka rubuta ba shi yawanci ake biya ba, ƙananan jami'o'i masu zaman kansu suna rage kaso mai tsoka da sunan sukolaship, kuma a ƙaramin sashe fotfoliyo mai kyau yana fitowa fili fiye da inda dubbai ke gasa. Don haka takardun tayin tallafi zaka jera a tebur ka kwatanta, abin da ya rage ka biya bayan ragi. Jami'ar gwamnati tana da araha sosai ga ɗan jihar, baƙo daga waje kuwa ninki biyu ko uku yake biya kuma tallafin gwamnatin tarayya baya shafarsa. Mai bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 kawai aka yarje masa aiki a sati a cikin harabar makaranta lokacin karatu, bayan kammalawa kuma wata 12 na izinin aiki da ake kira OPT, zanen situdiyo baya cikin fannonin kimiyya da ake ƙara wa wata 24. Ga wanda zai ci bashi ya karanta zane ina ce masa ya sake tunani sau goma, domin shekarun farko bayan digiri yawanci aikin wucin gadi ne da rana, zane da dare.

Ka kuma duba lafiyar makarantar kanta. San Francisco Art Institute mai shekara sama da 150 ta rufe a 2022, University of the Arts ta Filadelfiya ta rufe a watan Yunin 2024 da sanarwar kusan sati guda, ɗalibai suka watse neman inda za a karɓi kiredit ɗinsu. Ɓangaren Kirista ma bai tsira ba, King's College ta birnin New York ta daina darasi a 2023, jami'ar Alliance ma ta rufe a shekarar. Wani lokacin haɗewa akeyi, kamar yadda kwalejin zane ta Watkins a Nashbil ta shige cikin jami'ar Belmont ta Kirista a 2020. In ƙaramar makaranta ce ka duba ko yawan ɗalibanta na raguwa, ko an rufe wasu sassa kwanan nan, don in aka tashi yanka sashen zane na cikin na farko da wuƙa ke hawa.

Ita ta ukun da na ce an manta, jami'ar gwamnati, bata da kwarjinin RISD kuma bata da ɗumin jami'ar Kirista, amma wasunsu zakaru ne, VCU a Richmond da UCLA da MassArt a Boston wadda makarantar zane ce zalla kuma ta gwamnati tun 1873. Kirista a irin waɗannan wuraren baya rasa zumunta, ƙungiyoyin ɗalibai da coci-coci sun cika gari, bambancin kawai shi zai nema da ƙafarsa babu mai duba ko ya je. Makoto Fujimura, wanda a yau in ana lissafin masu zane Kiristoci da duniyar zane ke girmamawa dole a ambace shi, a Bucknell ya yi digirinsa na farko sannan ya tafi Tokiyo ya koyi zanen gargajiyar Japan na nihonga, bai bi ta jami'ar Kirista ba. Ban kawo shi don na rushe su ba, don dai iyaye su kwantar da hankali ne.

In kuma tunanin bayan digiri kake, koyarwa a jami'a sai da MFA, shekara biyu ko uku a gaba, kuma masu ɗauka hotunan aikinka 15 zuwa 20 zasu kalla da wasiƙun malamai, sunan makaranta yana taimakawa amma baya zana maka komai. Koyarwa a firamare da sakandare na gwamnati kuma sai da lasisin jiha, wanda digirin situdiyo kaɗai baya badawa, sai ka haɗa da kwasan koyarwa, kuma a nan ƙananan jami'o'in Kirista da yawa suna da tsari mai kyau.

Abin da na ce wa ƙanwata, tunda ita mutane take zanawa kuma addu'a da makoki da biki ne ke yawan fitowa a takardarta, shi ne jami'ar Kirista zata iya yi mata, amma da sharaɗi uku da bazan sassauta ba, ta kasance mai BFA, tana kusa da babban birni mai gidajen zane yadda zata hau jirgin ƙasa ranar Asabar ta je ta tsaya gaban zane na gaske, kuma ajin zanen jiki ya zama akwai mutum mai rai a tsaye ko da da kaya ne, aƙalla zango biyu. In ɗaya ya faɗi ta koma ta gwamnati. Makarantar zane zalla na ce sai in sun bata tallafin da zai sauko da kuɗin daidai da sauran, in ba haka ba ta ajiye ta sai lokacin MFA. Da gilashi ko saƙa ko zanen kayan masana'anta take so da amsata ta juye gaba ɗaya, don waɗannan sai inda injinan suke. Ta tura imel wa sassa huɗu tana neman hotunan baje kolin ɗaliban shekarar ƙarshe na bara da bara waccan, biyu sun turo washegari, ɗaya ta turo ƙasidar talla mai hoton ɗalibai suna dariya a kan ciyawa, ɗayar har yanzu shiru.